Motar Sallau da Ta Daina Neman Caji

Ku matso kusa. Ku kife wayoyin nan, ba na son haskensu in ina wannan labarin.

Sallau direba ne, mutum mai sanyin hali. Yana da mata, Hansatu, da 'ya ɗaya, Ladidi. Aikinsa kai magani asibitocin ƙauye, a wata farar mota mai lantarki. Ba ta shan mai, ba a kuma soka mata igiyar caji. Akwai faranti na ƙarfe da ake shimfiɗawa a ƙasa a tashoshi. Sai ya hau kai ya tsaya, wuta ta riƙa shiga batir ba tare da wani abu ya taɓa wani ba. A cikin motar ma, gefen sitiyari, akwai ɗan faifai. Ka ɗora wayarka, koriyar fitila ta kama, waya ta fara cika.

Wata rana da bazara aka kira shi. Maciji ya sari wata mai ciki a Dogon Marke, allurar maganin dafin kuwa tana cikin firjin motarsa, firjin kuma da batirin motar yake aiki. Ya isa tashar ƙarshe, ya tarar farantinsu ya lalace. Ya dubi allon motar, cajin saura kashi tara. Tafiyar tana son ashirin. Ya yi bismillah, ya yanke ta tsohuwar hanyar burji da mutane suka daina bi.

Rana ta take tsaka. Kashi huɗu. Kashi uku. Ba gida, ba garke, ko tsuntsu babu.

Sai ya hango faranti.

A tsakiyar fili yake, gefen wata rijiya da ta rufta. Sabo fil. Ba rumfa, ba turken lantarki, ba mai gadi. Ko ƙwayar yashi ba ta hau kansa ba. Ya tuna matar. Ya hau ya tsaya.

Shiru. Allo bai motsa ba.

"Sannu da rana, ɗan nan."

Wata tsohuwa ce zaune a kujerar gefensa. Bai ji an buɗe ƙofa ba. Ya ga bakinta ya motsa, amma muryar daga lasifikar mota ta fito, ta bayansa.

"Sannu, Inna," ya ce.

Ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido, sai ya ga ƙafafunta. Ba su taka ƙasan motar ba. Tsakaninsu da shi akwai kamar faɗin yatsa. Kujerar ma ba ta lotsa ba.

Ta miƙa tafin hannunta saman faifan waya, ba ta taɓa shi ba. Koriyar fitila ta kama.

"Kun koyi sha ba tare da kun kafa baki ba," ta ce. "Mu da haka muka tashi."

"Inna, rai zan je ceta. Rai biyu."

"Kana so ta cika?"

"Ina so."

"Ko daga ina?"

Ya dubi allo. Kashi ɗaya. Ƙarar firji ta fara ja da baya.

"Ko daga ina, Inna."

Ta hura masa iska a bayan hannu, mai sanyi kamar ruwan randa. Allo ya tashi. Goma, hamsin, ɗari, kafin ya ƙifta ido. Ya waiwaya, kujera ba kowa.

Ya isa Dogon Marke a kan lokaci. Matar ta rayu, cikinta ma ya tsaya. Ma'aikaciyar asibitin da ta karɓi allurar daga hannunsa ce kawai ta dafa bango, ta ce jiri take ji.

Tun daga ranar motar Sallau ba ta ƙara neman faranti ba. Ya yi tafiyar yini guda, allo na kan ɗari. Wayarsa ma haka. Abokan aiki suka riƙa ajiye nasu wayoyin kusa da shi suna dariya, don in dai yana wurin, cika suke yi. Ba wanda ya lura cewa duk wanda ya zauna da shi, da hamma yake tashi.

Kajin Hansatu ne suka fara. Aka wayi gari guda uku sun mutu a bakin ɗakinsa, ba ciwo. Sai Hansatu ta fara barci a kan tabarmar salla. Sai Ladidi. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya ta koma kwanciya, wuyanta ya zama siriri. Likita ya auna jini, ya auna komai, ya ce bai ga cuta ba. Sallau ya ɗauke ta a kafaɗa ya dawo da ita gida, kafin su iso ta sume.

Aka tura shi aiki na mako biyu a nesa. Ran nan ya kira gida, ya jiyo dariyar Ladidi tana guje-guje a tsakar gida.

"Ta warke, Malam," in ji Hansatu. "Ni ma ƙarfina ya dawo."

Ya dawo da murna. Kwana uku, yarinya ta sake kwanciya.

Ya zauna a bakin gadonta, ya ɗora hannu a goshinta. Wayarsa na aljihun gaba, ya ji ta ɗauki ɗumi. Numfashin yarinyar ya yi ƙasa. Ya janye hannun, ya ja da baya har bakin ƙofa. Ta buɗe ido.

Hansatu na tsaye, ta ga komai.

"Malam," ta ce a hankali, "me ka ɗauko mana?"

Ya gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta dai matsa ta shiga tsakaninsa da gadon.

An nemi magani. Malami na farko ya fara karatu a kansa, bai kai ƙarshen sura ba ya kife. Na biyu ya tsaya daga zaure, ya ce a yi haƙuri. Sallau ya mayar da motar, ya ajiye aiki, ya jefa wayarsa a kogi. Ba abin da ya sauya, sai ƙwan lantarkin ɗakinsa da ya riƙa kamawa ko an ɗauke wuta. Sau bakwai yana komawa hanyar burjin da ƙafa. Rijiyar tana nan. Faranti babu, ko alamarsa. Ya tsaya ya yi ta kiran Inna har muryarsa ta dishe.

Yanzu yana can bayan gari, a wata bukka. Ciyawa ba ta fitowa kewaye da ita. Hansatu kan kawo abinci ta ajiye a kan wani dutse, ta koma nesa, su gaisa da ƙarfi kamar masu magana ta tsallaken rafi. Ko jam'i ba ya zuwa, don kada sahu ya zube.

Shekarar da aka aurar da Ladidi, ta sa aka tsayar da motar amarya a bakin hanya. Ta fito da lulluɓinta ta nufo shi. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, uwata. Daga nan ma ina ganinki."

"Baba, sau ɗaya kawai."

"A'a."

Ta ƙara taku ɗaya. Sai ya juya ya ruga cikin daji, dattijo da furfurarsa, yana gudun 'yarsa.

To, kun ji. In tafiya ta kama ku, kada ku bi hanyar da mutane suka bari, balle ku kaɗai, balle rana na tsaka. In kuma wani ya yi muku tayin abin da kuke matuƙar bukata, ku tambaye shi daga jikin wa zai fito. Ku tashi ku kwanta. Kowa ya yi addu'a.