Gaisuwar Da Ba A Tsallakewa

"Tauraro ɗaya! Kin gani? Wanga ma tauraro ɗaya yab ba ki!"

Sirajo ya tura wa Muhsina wayarsa har kusa da hanci. Suna zauren gidan su Muhsina a unguwar Ƙofar Taramniya bayan la'asar, shi bisa kujerar roba yana kaɗa mukullin mota, ita a bakin tabarma. Ranar Juma'a magabatansa za su zo neman aurenta, amma yau ba zance ya kawo shi ba, sharhi da taurarin makin da masu buga wasan waya suka bayar ya zo karanta mata.

Wasan nata ne. Ita ta rubuta labarin, yayanta Ɗayyabu ya haɗa shi a kwamfuta. Labarin soyayya ne na waya mai hotuna da murya, mai wasa shi ne saurayi, yana zaɓen abin da zai faɗa wa budurwa. Sai dai kafin ka ga budurwar, dole ka durƙusa gaban mahaifinta ka amsa gaisuwarsa, tun daga gajiya har mutanen gida. Babu madannin tsallakewa.

Nan fa samarin zamani suka yi caa. Mutanen da za su wuni suna kallon rawar banza ba su ji zafin data ba, su ne gaisuwar dattijo ta tsaya wa a wuya!

"Ji wanga," in ji Sirajo yana ƙyalƙyala dariya. "Wai soyayya yaz zo yi, anka haɗa shi da tsoho mai surutu! Wani ko cewa yay yi a kashe tsohon tun babi na hwarko."

"Kai kuma mi kac ce?"

"Haba sanyin idona... gaskiya sunka hwaɗi. Ni kaina ban taɓa jin ƙarshenta ba, aje wayar nika yi har shi gama. Ki cire shi, kasuwa ta buɗe."

Muhsina ta ɗago kai. "Ka san muryar wa ta?"

"Ta Baba mana. To sai mi? Ba sai a ɗauko mai murya daɗi ba?"

To sai mi. Ya san an ɗauki muryar nan kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karkatar da bakin Malam, mahaifinta. Ya san babu sauran wurin da ake jin tsohon yana magana tar sai cikin wasan nan. Ta dube shi da kyau, hular nan da aka kafa a goshi, turaren da ya cika zaure, sai ta ji duk sun fice mata a rai.

Ƙarar sanda ta katse su. Malam ne ya fito daga cikin gida yana jan ƙafa, zai tafi ƙofar gida shan iska. Da ganin baƙo fuskarsa ta washe.

"Si...rajo. Ina... wu...ni?"

"Lahiya lau, Baba." Ya ɗan rusuna daga kan kujera.

"Ina... ga... ga..."

Kalmar ta maƙale. Malam ya dafa bango yana kokawa da harshensa, yawu na taruwa a gefen bakinsa.

"Ba gajiya, gida lahiya, kowa lahiya, madalla Baba!" Sirajo ya zubo su a numfashi ɗaya, babban yatsansa bai ma bar fuskar waya ba.

Malam ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka tsawata wa.

Muhsina ta miƙe. "Ka hwaɗa ma su Kawu kada su taho Juma'a."

"Mi?! Saboda wasan waya?"

"Tashi ka tahi, Sirajo."

"Muhsina... rabin raina, wallahi wasa ni kai!"

Ba ta ko kalle shi ba. Ya tsaya yana rarraba ido, ya ja tsaki, ya fice yana ƙunƙuni. Tana son shi, wannan ba ƙarya ba ne, shi ya sa ƙarar motarsa ta sa hawaye suka ɓalle mata.

Ta share fuska da gefen hijabi, ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ba ka ida ba. Ina jin ka."

Tsohon ya dube ta, ya ja dogon numfashi.

"Ina... ga...ji...ya?"

"Ba gajiya, Baba," ta ce, ta gyara zama tana jiran ta gaba.