Tumatir Mai Kai Biyu

Malamar kimiyya ta ba kowane ɗalibi ɗan tsiron tumatir a cikin gwangwani.

Ta ce, "Ku kula da shi a gida. Bayan mako uku kowa ya dawo da nasa, mu dasa a lambun makaranta."

Auta ta rungumi nata har gida. Babanta kafinta ne, kuma ta gado shi sak: ba ta son ganin abu a karkace. Ko littafi ta ajiye, sai ta daidaita shi da bakin tebur.

Ta ajiye gwangwanin kusa da taga. Bayan kwana huɗu, sai ta ga tsiron ya sunkuya wajen tagar.

"Kai, miƙe tsaye!" in ji Auta.

Tsiro ko gezau.

Ta tuna yadda Baba yake miƙar da ƙusa idan ta lanƙwashe. Ta ɗauko rula da zare. Ta soka rular cikin ƙasa, ta ɗaure tsiron, ta ja da ƙarfi. Ƙas! Kan tsiron ya karye, ya faɗo a tafin hannunta.

Auta ta fashe da kuka. Shi ke nan, za a dasa lambu babu nata a ciki!

Baba ya shigo da garin katako a gemunsa. Ya dubi rula, ya dubi tsiro, ya danne dariya.

Ya ce, "Auta, wannan ba katako ba ne, ya fi ƙarfin sana'ata. Gobe ki kai wa malamarku, ki faɗa mata gaskiya."

"Baba, za ta yi mini faɗa."

"In ta yi, ki ce ke 'yar kafinta ce."

Washegari Auta ta kai wa Malama tsiron, ta faɗi komai, kanta a ƙasa. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta jawo ta kusa.

Ta ce, "A can ƙarshen kan tsiro ake yin wani sinadari mai sa girma. Idan haske na zuwa ta gefe ɗaya, sai sinadarin ya taru a gefen inuwa. Wannan gefen ya fi ɗayan tsawo, sai tsiron ya lanƙwasa wajen haske. Ba lalaci ba ne, da haske yake haɗa abincinsa."

"Malama, yanzu ya mutu ke nan?"

"Duba nan." Ta nuna mata ƙananan toho biyu a gindin ganye. "Kan ne yake aiko musu da saƙo su dakata. Yanzu babu mai hana su. Ki ba shi ruwa, ki riƙa juya gwangwanin kaɗan kowace safiya."

Auta ta yi hakan. Tohon nan biyu suka zama rassa, kore shar. Don murna, har rawa ta yi a tsakar gida.

Ranar dashe, 'yan aji suka kewaye ta suna cewa, "Kai, tumatir mai kai biyu!"

Auta ta sa shi a rami, ta rufe da ƙasa. Sai ta lura ya ɗan karkata hagu. Hannunta ya fara ƙaiƙayi. Ta dube shi, ta yi dariya, ta cusa hannun a aljihu.

Tun daga ranar Auta ta gane cewa ba a gyara abu mai rai da ƙarfi. Sai ka fara tambayar me yake bukata.