Salansar da Ɗiyata Ta Zaɓa

A shekarar 2006 na rasa mijina. Na yi asarar dala ɗari huɗu a kan wani ƙarfe. Daga baya kuma na rabu da jar motarsa. Abin da na samu shi ne shagon kitso nawa na kaina, da ɗiya wadda ba ta sake yi mini ƙarya da takarda ba.

Yara, ku matso ku ji yadda aka yi.

Muna zaune a unguwar Glenwood, nan ƙasar Turawa, a wani ƙaramin gidan haya. Daga ni sai ɗiyata. Shekarunta goma sha biyu a lokacin. 'Yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta. "Ke" nake ce mata, kuma tana amsawa.

Marigayi mijina, Zabeirou, ya bar mana wata tsohuwar motar tsere. Ja ce, kujerarta biyu, ƙirar 1972. A mace ya saye ta. Shekara bakwai yana gyaranta duk ran Asabar, a garejin abokinsa Simeon da ke Pleasant Garden. Ya gama inji. Ya gama fenti. Salansa kaɗai ta rage masa, sai rai ya yi halinsa.

Salansa ita ce bututun da hayaƙi ke fita ta bayan mota. Ita ke ba mota murya. Ta wannan motar tsatsa ta huhhuda ta. In an tada ta, sai ta yi ta tari kamar tsoho mai mura.

Da na fita takaba, na ce zan sayar da motar in kama shago. Na gaji da yin kitso a shagon wata tana raba kuɗin da ni.

Sai ga Malachy. Dillalin motoci ne, Ibo, amma haifaffen Kano. Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya zagaya motar sau biyu, ya tada ta, ya girgiza kai.

"Hajiya, Allah ya ji ƙan Zabeirou," in ji shi. "Amma motar nan ta bi shi."

"Ba ta bi kowa ba. Ga ta nan tsaye."

"Ba ki ji tarin ba? Inji ne ya gaji. Dubu huɗu zan ba ki, don zumunci."

"Zumuncinka ya yi arha. Dubu goma."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, ke kitso kika sani. Ki bar mana mota."

"Kitso na sani, shi ya sa nake ganewa in ana ja mini gashi. Injin nan lafiyarsa lau. Salansa ce. Ka dawo Asabar ta sama, ƙarfe goma sha ɗaya, ka ji da kunnenka."

Da ya tafi na ɗauko littafin kayan mota na marigayi. Duk Turanci ne. Ni lambobi na sani, da Hausar boko kaɗan-kaɗan. Turanci a takarda kuwa, sai dai mu kalli juna. Ɗiyata ce ke karanta mini komai, takardar wuta, ta likita, ta lakwal, wato makarantarta.

"Ke, zo ki nemo mini salansa," na ce. "Mai murya ƙasa-ƙasa nake so, mai kauri. Ba mai ihu ba. Wadda mutum zai ji lafiyar inji ta cikinta."

Ta buɗe shafi, ta buɗe wani. Ta daɗe a kan wani hoto. Bututu ne mai ƙyalli, bakinsa faffaɗa.

"Wannan, Mama."

"Jan rubutun nan na ƙasa fa? Me ya ce?"

Ba ta kalle ni ba. "Ya ce tana da kyau sosai."

Ga abin da ban sani ba. Bas ɗin lakwal a ƙofar gidanmu take wucewa. Kullum yara na leƙo motar ta taga suna yi mata tsiya. Suna cewa babanta ya bar musu gwangwani. Suna kwaikwayon tarin motar. Ita kuma so take wata rana motar ta yi ƙarar da za ta rufe musu baki.

Na ba ta waya ta kira kamfanin. Na biya dala ɗari huɗu.

Kayan bai iso ba sai ran Juma'a da yamma. Asabar da safe Simeon ya zo gida da akwatin aikinsa. Dattijo ne baƙar fata, ɗan garin nan. Turancinsa na kudancin ƙasar nan ne, ja yake yi kamar danƙo, ba na kama shi sosai. Da ya buɗe kwalin sai ya tsaya. Ya yi doguwar magana yana nuna titi.

"Me ya ce?" na tambayi ɗiyata.

"Ya ce aikin zai ɗauki awa biyu."

"Duk wannan maganar awa biyu ce kawai?"

"E, Mama."

"To ce masa ya ɗaura."

Simeon ya ɗaga kafaɗa, ya shiga ƙarƙashin mota.

Yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe, Malachy na isowa. Yaran unguwa ma sun taru a bakin titi da kekunansu. Daga baya na ji ita ta gayyato su.

Na shiga mota da kaina. Na gyara ɗankwalina. Na murɗa makulli.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Tagogin gida suka yi ta rawa. Karnukan unguwa suka ɗauka gaba ɗaya. Yaran suka toshe kunne, ƙaramin cikinsu ya yar da keke ya ruga gida. Maƙwabciyarmu Anti Perpetua ta fito da jaririnta yana tsala kuka.

Na kashe. Kunnena na ta ƙugi.

Ba wanda ya yaba. Wani yaro ya ce a da gwangwani ne mai tari, yanzu ya zama gwangwani mai hauka. Suka watse suna dariya.

Malachy bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Hajiya, ban san ki da haka ba," ya ce. "Mu dillalai mun san wannan dabarar. In inji na ƙwanƙwasa, sai a sa masa mai ihu don kada a ji. Wannan ha'inci ne. Dubu uku, in kin ga dama."

"Ni kake kira mai ha'inci? A ƙofar gidana?"

"Abin da kunnena ya ji na faɗa."

"To ɗauki kunnenka ka fita da shi. Ko ka kawo dubu ashirin yau ba na sayarwa."

Ya tafi. Simeon ya matso kusa da ni. Wannan karon a hankali ya yi magana, kalma ɗaya-ɗaya, yana haɗawa da hannu. Ya nuna kansa, ya nuna ɗiyata, ya nuna titi ya kaɗa yatsa. Na gane. Tun da safe ya faɗa mata wannan salansar ba ta hawa titi ba ce.

Na shiga ɗaki. Na ajiye littafin a kan tebur.

"Ke, zo nan. Karanta mini jan rubutun."

Ta fara yi mini Turanci da sauri.

"Da Hausa za ki faɗa."

Ta sake karantawa da Hausa. "Ta filin tsere ce kawai. Ba a hawa titi da ita. In an ɗaura, ba a maidowa."

"Tun ranar kin ga wannan?"

"Na gani."

"Simeon ma ya faɗa miki?"

"Ya faɗa." Sai hawaye. "Mama, kullum suna zagin motar Baba. So nake su ji tana da ƙarfi."

Ni ma zagin ya taɓa ni. Amma ban bari ta gani ba.

"Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba," na ce. "Kin san ba na ganin takarda sai da idonki. Na tambaye ki, kika faɗa mini abin da babu. Yau an kira ni mai ha'inci saboda ke. Da me zan ƙara yarda in kin karanta mini takardar likita?"

Ta rufe littafin.

Na sa ta je ta ba Anti Perpetua haƙuri, ta kuma ba Simeon. Ban dake ta ba. Abin da na yi shi ne, duk takardar da ta zo a satin nan, sai in wuce ta gabanta in kai wa Anti Perpetua ta karanta mini. Ran Laraba takarda ta zo daga lakwal ɗinta. Ita ma can na kai.

"Mama, ai zan iya," ta ce daga bakin ƙofa.

"Na san kin iya. Ba iyawa ce ta ɓace ba."

Ta koma ciki. Ranar ko abincin kirki ba ta ci ba.

Mutanenmu suka yi ta bugo waya. Wannan ya ce in karɓi dubu ukun in huta. Wancan ya ce mace ba ta ja da dillali. Na ce musu duk wanda ya matsu ya kawo tasa motar ya sayar.

Asabar ta gaba Simeon ya ja motar zuwa garejinsa. Muka bi shi. Pleasant Garden wuri ne mai fili, gidaje nesa da juna, ba jaririn da za a tasa. Ya fito da tsofaffin salansa uku da ya ciro daga motoci irin tamu. Kowace da 'yar takarda a ɗaure.

Na ce ya ba ni sifana. Can gida, a garinmu Mirriya, uwata tukwane take sayarwa. Ba a sayen tukunya da ido. Ƙwanƙwasa ta ake yi, in ta tsage muryarta za ta faɗa. Na buga ta farko, ta amsa a dushe. Na ture ta gefe. Sauran biyun suka amsa garau.

"Ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya," na ce. "Zan je can in saurara."

Na taka har gindin wata bishiya, na juya baya. Ta farko da ya ɗaura siririyar murya gare ta, kamar keken ɗinki. Na kaɗa hannu. Ya kwance, ya ɗaura ɗayar. Aikin ya ci lokaci, rana ta take, ban matsa ba.

Da ya tada, sai na ji ta. Murya ce mai kauri, a kwance, kamar babbar ganga daga nesa. Ta cikinta kana jin inji na tafiya daidai, ba tari, ba ƙwanƙwasa.

Na dawo. Na kama 'yar takardar da ke jikinta. Simeon ya miƙo hannu zai karɓa. Na miƙa wa ɗiyata.

"Karanta."

Ta kalle ni, ta kalli takardar. "An ce ta yi shekara shida a jikin wata mota. An ce ana hawa titi da ita." Ta ɗan tsaya. "Akwai kuma wanda ba shi da daɗi, Mama. An ce ta lotse a gefe ɗaya. Kuma in ta lalace ba ruwan mai gareji."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Har ƙasa na karanta."

"To. Haka ake yi."

Simeon ya ce ba zai karɓi kuɗi ba, in bar masa mai ihun, akwai masu tsere da ke zuwa wurinsa. Ɗiyata ce ta fassara. Na kalli bakinsa, na kalli nata, tsawon maganar ya zo daidai.

Na sa aka kira Malachy. Ya zo yana taunar goro. Kafin in buɗe baki, ɗiyata ta sha gabansa.

"Kawu, ni na zaɓi waccan salansar. Mama ba ta san abin da aka rubuta ba. Ƙarya na yi mata."

Ya dube ta da kyau. Aka tada mota. Ya buɗe gaba ya kasa kunne. Ya zaga baya ya tsuguna. Ya hau ya je har ƙarshen hanya ya dawo. Da ya fito, fuskarsa ta kasa ɓoye abin da ke ransa.

"Dubu bakwai," ya ce.

"Ka ji ta, ko ba ka ji ba?"

"Na ji. Takwas."

"Ke, ɗauko mini jakata mu tafi."

"Hajiya, tsaya mana. Ke ba a ciniki da ke a zauna lafiya? Tara."

"Kafin mu je ga lamba, akwai kalmar da ka ajiye a ƙofar gidana. Ka ɗauke ta. A nan, gaban yarinyar nan da Simeon."

Ya cire hula ya shafa kai. "Na janye. Ba ki yi ha'inci ba. Zabeirou ya yi aiki, injin nan kamar sabo. Ki yafe ni."

"Na yafe."

Ya juya wurin ɗiyata. "Ke kuma, in kin girma ki zo in ba ki aiki. Ba ni da mai faɗin gaskiya ko ɗaya a wurina."

Ta yi dariya, karo na farko a sati guda.

Yara, ga abin da nake so ku riƙe. In babba ya miƙo muku takarda ya ce ku karanta masa, amana ya ba ku. Ku karanta duka, mai daɗi da marar daɗi. Kada ku ƙara, kada ku rage. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da bakinku. Ɗiyata ta faɗa, kuma har yau ita ke karanta mini takardun shago.

Malachy kuwa ya tsaya a kan tara, na tsaya a kan goma. Muka yi ta ja har Simeon ya kawo mana kujeru. Ya ƙara ɗari biyu, na ce ban ji ba. Ya ƙara ɗari, na tambayi Simeon ko ya san wani dillalin. Sai da inuwar bishiya ta iso ƙafafunmu na miƙa masa makulli.

Dala dubu tara da ɗari bakwai na karɓa.