Ganduroba da Tukunyar Zipora

"Sake faɗa in ji, Badruddeen!"

Suwaiba na tsaye a tsakiyar gidan abincinsa da ke Kwararafa, ko kakinta na ganduroba ba ta cire ba. Kujeru wayam, tukunyar gwate na ta tururi babu mai saye.

Ya sunkuyar da kai. "Cewa na yi Zipora ta ɗan zauna a gida... zuwa ƙura ta lafa."

"Korarta ka yi ke nan."

"Rabin raina, ki fahimce ni..."

"Riƙe rabin ranka!"

Zipora a hannun Suwaiba ta yi zaman gidan yari, bayan ta ji wa mijinta rauni ranar da ya kusa kashe ta da duka. Da ta fito Suwaiba ta yi ta yawo da ita shago-shago, kowa ya ji inda ta fito sai ya ce babu aiki. Badruddeen, wanda aka sa musu rana da Suwaiba, shi ya ɗauke ta girki, har aka fara layi a ƙofarsa.

Sai jiya Kausar, 'yar ƙanwar Hajiyarsa da aka so ya aura, ta taso daga unguwar Rayfield ta tsaya kan masu cin abinci.

"Ku ci a hankali, mai girkin nan tsohuwar fursuna ce!"

Kafin magariba Hajiya ta bugo waya: ya sallame ta, ya kuma sake tunani a kan auren ganduroba.

Zipora ta fito daga kicin rungume da ledar kayanta. "Anti, bar shi. Oga ya yi ƙoƙari. Ni na saba."

"Ajiye ledar nan!"

Suwaiba ta juyo kansa, idanunta jawur.

"Da hannuna nake buɗe wa fursunoni ƙofa in ce su je Allah ya tsare. Su je ina? Yunwa ke dawo min da su! Alƙali ya yanke mata, ta gama. Kai waye da za ka ƙara mata? Wallahi in ta fita, ka turo a kwashi kayan sa ranarku."

"Suwaiba... uwata ce fa."

"Ban ce ka saɓa mata ba. Gaskiya za ka je ka faɗa mata."

Ya dube ta. Can ya ɗauki benci ya kai bakin titi, inda 'yan acaɓa ke tsaye suna gulma.

"Zipora! Zubo min, ki cika kwanon!"

Ya zauna yana sha kowa na gani. Suwaiba ta share hawayenta, ta ɗauko cokali ta zauna gefensa.

Wani ɗan acaɓa ya sosa ƙeya. "To oga... a zubo min ni ma."

Da yamma ya durƙusa gaban Hajiya ya ba ta labarin Zipora kaf. Da ya gama ta ce, "Kai ka jiyo. Wannan matar taka ba ta lanƙwasuwa."

Bayan babbar sallah aka ɗaura auren.

Washegarin tarewa tana zuba masa shayi ta ce, "Angona, akwai wata Firisila da za ta fito Litinin. Ta iya tuyar masa."

"Suwaiba! Ko lallenki bai goge ba!"

"Litinin na ce."

Ya riƙo hannunta yana dariya. "Allah ya kai mu, ranki ya daɗe."