Giyar da Ban Zuba Ba

Tun da aka kafa garin nan a gindin dutse, ba a taɓa wulaƙanta namiji kamar yadda aka wulaƙanta ni jiya ba. A gaban baƙi, matata Sumie ta ajiye mini cokali kusa da kwanon shinkafa. Kowa na ci da tsinke biyu irin na cin abincinmu kamar mutum, ni kuwa, Tokuji, mai shekara hamsin da huɗu da gashin baki mafi kyau a unguwa, an miƙo mini cokali kamar jariri. Ta ce ai hannuna ba ya riƙe tsinke. To, ku ji yadda aka yi wa hannun, ku yi mana shari'a.

Bara na sayi dashen icii, wata bishiya mai ganye kamar allura, a wurin masu renon itatuwa na bakin titi. Yana cikin baƙar roba, a miƙe sambal, bai fi shekara takwas ba. A ƙungiyarmu ta masu bonsai, wato renon ƙananan bishiyoyi a tukunya, kuwa ba a ganin girman bishiyar tukunya sai ta tsufa ta sha wuya. Sai na gaya musu daga kan dutse na haƙo shi, kuma ya kai shekara ɗari uku. Tsoho Hagiwara, shugabanmu, bai musa ba. Ya dai ce in kawo shi baje kolin kaka, zai sunsuna ƙasar.

Ƙa'idarmu ita ce rauni ɗaya a shekara ɗaya. In ka datse rassa bana, lanƙwasa sai baɗi. Ni a yini guda na gama. Na datse, na ɗaye ɓawo da filaya, na babbake da wuta, na shafa ruwan farar wuta har rumfata ta ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na naɗa wayar jan ƙarfe, na murɗe gangar jikin har ta yi ƙara. Ya yi kyau, amma ƙuruciyarsa ba ta ɓuya ba. Abin da ya rage shi ne guntun mataccen reshe mai tsufan gaske, in ɗaura masa, da ɗan gansakukar dutse saboda hancin Hagiwara.

Kowa ya san inda ake samun irin wannan. A bayan ƙaramin ɗakin bautar da ke saman gari akwai tsohuwar icii, an ɗaura mata igiyar karan shinkafa. Ko ganyenta ba a tsinka sai an zuba mata gishiri da giya, an sunkuya an nemi izini. Sumie ta so hana ni. Da ta ga ba zan hanu ba, ta ƙulla mini gishiri a takarda, ta ba ni ƙaramar kwalbar giya, ta ce in zuba duka, kada in rage ko ɗigo.

Hawan da tsayi, ga shi na tafi da dafaffen ƙwai. Gishirin ya bi ƙwan. Giyar ta bi gishirin.

Na isa rana na shirin faɗuwa. Ƙamshin jiƙaƙƙen ganye ya cika wurin, gyare na ta kuka. Na sunkuya dai, don ina da tarbiyya, sannan na zaro zarto.

Reshen fari ne fat, a bushe kamar ƙashi. Ja uku na yi, garin da ke zubowa ya koma ja. Ya jiƙe. Yana da ɗumi.

Gyare suka yi shiru.

Sai na ji ƙarar almakashi a bayana. Ƙyas. Ƙyas.

Wata tsohuwa ce tsugune kusa da jakata, cikin kayan aikin lambu. Ta fito da almakashina da naɗin wayata. Rabin fuskarta fata ce, ɗaya rabin farin itace mai tsagu. Warin farar wuta na fita daga jikinta.

"Ina giyata, ɗan nan?" Da raɗa ta yi maganar.

Na ce kwalbar ce ta fashe a hanya, Iya. Ta matso ta sunsuna bakina.

"Shekararka nawa?"

"Hamsin da uku, Iya."

"Za mu ce ɗari uku."

Na juya in gudu, na tarar saiwoyi sun riga sun haɗiye ƙafafuna zuwa idon sawu. Ta kama hannuna na dama, ta juya shi tana dubawa, kamar yadda Hagiwara ke duba dashe. Ta ce ya miƙe da yawa.

Ta soma naɗa wayar daga kafaɗa. Naɗi mai tsabta, tazara daidai, ko ni ban iya irinsa ba. Wayar ta yanka riga, ta shige nama.

Ta ɗora manyan yatsunta biyu a tsakiyar damtsena. Ta kara kunne, kamar yadda muke yi don jin kukan itace. Ta danna a hankali.

Ƙashin ya yi ƙara.

Na yi ihu. Babu abin da ya fito sai iska.

Ta lanƙwasa a ƙasan gwiwar hannu. Ta murɗe wuyan hannu. Jini na bin wayar yana ɗiga a kan gansakuka.

Ta ware yatsuna, ta ƙirga. Ta ce sun yi cunkoso, haske ba ya shiga.

Ƙyas.

Ƙaramin yatsana ya faɗi cikin ganye.

Ta ɗauko filaya. Ta kama fatar bayan hannuna.

Sai na ji ana tsiyaya ruwa. Sumie ce durƙushe a gindin bishiyar, goshinta a ƙasa, tana juye babbar kwalba a kan saiwoyi, ga gishiri ta tara tsibi biyu.

"Iya, ki yi haƙuri. Wawa ne, amma shi kaɗai gare ni."

Tsohuwar ta tsaya. Ta ja numfashi mai tsawo ta hanci. Filayar ta saki fatata.

"A bar masa wayar har bazara," in ji ta. "In an cire da wuri, komawa yake yi."

Gyare suka ci gaba da kuka. Babu kowa inda tsohuwar take sai almakashina, a soke cikin ƙasa.

Likita ya cire wayar a ranar, ya sa karan ɗori. Bayan wata biyu aka kwance, hannun ya fito duk da haka da lanƙwasa uku, daidai inda ta ajiye su. Dashen nan kuwa Sumie ta warware masa waya, ta dasa shi a ƙasa kusa da ɗakin bautar. Ya yi sabon toho, yana ta miƙewa abinsa.

Hagiwara ya zo dubiya. Ya daɗe yana zagaya hannuna da ido, ya ce a shekara ashirin da nake cikin ƙungiya, wannan ne aiki mai kyau na farko da ya gani a gidana. Yana cikin baƙin da aka miƙo mini cokali a gabansu jiya.

Na tambayi Sumie yadda aka yi ta san ta biyo ni da wata kwalbar. Ta ce shekara talatin tana ba ni kwalba in kai wani wuri, ba ta taɓa jin wadda ta isa ba.

To, na ji. Ni na sayi dashen, ni na ƙara masa shekaru, ni na ci ƙwan, ni na sha giyar Iya. Amma ko da haka, ai da sai a samo cokali mai ɗan girma.