Ki Kalla Har Ƙarshe

Ranar da ta fara shigowa shagonsa, Turamin yana tsakiyar dariya, sukudireba a hannu, wayoyi a feɗe a kan tebur. Wani bidiyo yake nuna wa maƙwabcinsa mai sayar da caja: agwagwa ta tsayar da motoci a babban titi tana ƙetarewa da 'ya'yanta, ɗan sanda yana sara mata.

Daga irin wannan ya samo sunansa. Duk wanda ya kawo gyaran waya, kafin ya fita sai ya ga bidiyon da zai sa ya ce masa, "Tura min wannan." Har shafi gare shi a intanet inda yake zuba zaɓaɓɓun bidiyoyi, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa saka na wulaƙanta wani ba.

Ta miƙo wayarta, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Malamar makarantar yara ce, ga garin alli a bakin hannun rigarta. A gida Auta ake ce mata. Ya juyo mata da agwagwar don ta rage zaman jira, sai ta kawar da kai.

"Ba na kallon bidiyo."

"Ko na agwagwa?"

"Ko na agwagwa."

Ya ce shi dai ya taɓa ganin wanda ba ya shan shayi, ya ga wanda ba ya cin nama, amma wannan sabuwar cuta ce, kuma Allah ya kawo ta asibitin da ya dace. Ta so ta yi murmushi, ta danne. Wannan murmushin da bai fito ba shi ya hana shi sukuni. Da ya gama aiki ya roƙi lambarta, wai saboda garanti.

Washegari ya tura mata: "Malama, gwajin gilashi ne kawai. In agwagwar ta fito tas, aiki ya yi kyau."

Sai da ya fara fid da rai amsa ta zo: "Gilashi ya yi. Agwagwar ta fi mai gyaran natsuwa."

Daga nan hanya ta buɗe. Ya tura mata jaririn da aka saka wa na'urar ji, ya ji muryar uwarsa karon farko. Ya tura mata tsohon da ya koyi karatu da furfurarsa, yana haɗa baƙi a gaban jikarsa tana gyara masa. Ya tura mata kyanwar da ta sace kifin da ya fi ta girma, ƙofa ta ƙi karɓarsu su biyu. Yana tsince mata su kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ita tana ce masa Sarkin Surutu, shi yana ce mata Shiru-shiruna.

Wata rana ta rubuto: "Ka san naka kaɗai nake buɗewa? Na kowa gogewa nake yi ban duba ba. Ban san yadda aka yi na amince da hannunka ba."

Ya karanta ya sake karantawa, kansa ya kumbura. Yabo ya gani a ciki. Bai tsaya ya tambayi abin da zai sa budurwa ta riƙa tsoron wayarta ba.

Ya je ya gaida Umma, mahaifiyarta. Ta amsa ba yabo ba fallasa. Ita hankalinta ya fi kwanciya da ɗan ƙawarta, wani akawu mai sanyin hali da ya daɗe yana kai-komo, amma ba ta rufe wa Turamin ƙofa ba. Game da mahaifin, Auta ta ce masa Allah ya karɓi abinsa a bakin aiki, bayan nan suka canja unguwa. Ya yi addu'a, ta sauya magana, ya bi ta.

Ana cikin haka wani tsohon bidiyo ya sake tasowa, an ɗora masa kiɗa mai karya zuciya. A cikin bas aka ɗauke shi. Birki ya tsinke a gangare, gaba kuma yara ne sun taso daga makaranta. Direban ya ɗaga murya ya ce kowa ya koma baya ya riƙe kujera, sannan ya karkatar da motar ya nufi bango ta gefensa. Kowa ya fita da rai, ban da shi.

Turamin ya kalla idonsa ya cika. Ya saka a shafinsa, sannan ya tura mata:

"Shiru-shiruna, wannan ya fi duk wanda na taɓa turo miki. Ashe har yanzu akwai maza a duniya. Ki kalla har ƙarshe."

Da yamma yayanta, mai sana'ar kafinta, ya shigo shagon da garin katako a gashinsa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce a ofishin malamai aka tsinci Auta a ƙasa, a sume.

"Direban nan mahaifinmu ne. Shekara da shekaru muna kare ta daga bidiyon nan, saboda shi muka bar unguwarmu. Tun daga farko ta gane muryarsa. Amma ka ce ta kalla har ƙarshe, ta kalla."

Turamin ya rubuta mata ban haƙuri ya goge, ya rubuta ya goge. Abin da ya iya turawa shi ne: "Wallahi ban sani ba. Ki yafe min."

Ta amsa: "Na san ba ka sani ba. Amma yanzu in na rufe ido ba fuskar Baba nake gani ba, bangon nake gani. Kada ka sake turo min komai."

Umma ta aiko masa ta bakin kafinta cewa mai raba mutuwar mutane kamar alewa ba zai zama surukinta ba. Aka ce wa dangin akawu su fara shiri.

Dariya ta ƙaura daga shagon. Yana zaune gaban wayoyin mutane yana ta juya abin a ransa. Bai yi ƙarya ba, bai yi izgili ba, yabon mamaci ya yi. To yaushe yabo ya zama wuƙa? Sai ya tuna uwar jaririn nan mai na'urar ji, tana kuka duniya tana kallo. Wa ya tambaye ta? Shi da ya tura ta ga mutane ba adadi, bai ma san ko yaron yana raye ba.

Ya cire bidiyon daga shafinsa, ya shiga roƙon masu sauran shafuka. Wasu suka cire, wasu suka zage shi, wani ya ce ai tarihi ne, ba gadon gidan kowa ba. Kwasar ruwan da ya zube a rairayi ta fi wannan sauƙi. Duk da haka bai daina ba. Kowa ya samu sai ya tambaye shi wa ya tura masa, yana bin zaren baya-baya, har ya kai shi gidan wata ma'aikaciyar jinya. Ita ce ta ɗauka.

Ta ce ita ba haɗari ta zauna ɗauka ba. 'Yarta take ɗauka, tafiyarta ta farko a bas, direban yana ta tsokanarta. Ƙaninta ne ya yanke ƙarshen ya watsa. Ta ce tun daga lokacin babu wanda ya taɓa tambayar ta farkon, mutane ƙarshen suke so.

Ta ba shi. Ya kalli farkon, ya yanke shi daidai inda mutumin yake dariya, tun hanya tana miƙe.

A nan ya sake tsayawa. In ya kai musu, kyauta ce ko toshiyar baki? Kuma wa ya ce masa wannan zai yi musu daɗi, shi da hannunsa ya riga ya yaudare shi sau ɗaya? Ƙarshe ya zuba shi a wata tsohuwar waya marar layi, ya goge na wajensa, ya kai wa kafinta wurin aikinsa. Ya gaya masa abin da ke ciki. Ya roƙe shi kada ya ce daga ina ta fito, in kuma ya ga bai dace ba, ya sa guduma ya fasa ta.

Makonni suka shuɗe. Ya ji labarin ana maganar sa rana da akawu. Ya hango ta sau ɗaya a bakin titi tana ƙetarar da ɗalibanta, ta rame, ya koma cikin shago don kada ta gan shi.

Wata safiya kafinta ya leƙo ya ce Umma tana kira.

Ya tarar da ita a falo, tsohuwar wayar a cinyarta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ita kuwa sai ta danna wayar. Muryar mutumin ta cika ɗakin. Yana gaya wa yarinyar bas ɗin cewa shi ma yana da auta a gida, ba ta magana, kamar uwarta, shi ya sa yake yi wa gidan gaba ɗaya surutu. Sai ya ƙara da cewa ko shayi ma shi ya koya wa matarsa dafawa.

"Ƙarya kake, Malam," in ji Umma, tana kallon wayar. "Ko ruwa ba ka iya tafasawa ba."

Ta yi dariya hawaye yana zuba. Ta ce ta manta yadda yake dariya, sai yanzu ta dawo mata. Ta ce ɗanta bai faɗi sunan kowa ba, amma ba ta san wani mai taurin kan da zai bi wannan zaren ba. Sannan ta tambaye shi me ya hana shi sakawa a shafinsa, alhali ya san duniya za ta yi rububinsa.

"Ba nawa ba ne, Umma."

Ta daɗe tana dubansa. Ta ce ita ba ta gama hucewa ba, kada ya ɗauka ta gama. Amma ta dakatar da dangin akawu, ta ba su haƙuri, domin ta lura 'yarta biyayya take yi, ba so ba. Magana tana hannun mai ita.

Auta tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, bai san tun yaushe ba.

"Abin da na gani ba zai goge ba," ta ce. "Akwai ranakun da zan dube ka in tuna bangon."

"Na sani."

"Za ka iya zama da hakan?"

"In ke za ki iya zama da ni, Shiru-shiruna."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce akawu mutumin kirki ne, bai taɓa ɓata mata ba, amma bai taɓa sa ta kewarsa ba. Shi kuwa ya ɓata mata fiye da kowa, ga shi kullum sai ta duba ko ya saɓa umarninta ya turo saƙo.

"Sarkin Surutu, ashe ka iya shiru haka?"

Murmushi ya kuɓuce masa. Kafinta ya yi tari ya fita tsakar gida.

An ɗaura auren ba da wani taro mai yawa ba. Ƙanin mahaifinta ya tsaya a matsayin uba. Da aka zo tafiya da amarya, Umma ta rako su har bakin mota, ta haɗa hannayensu a cikin nata.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya jiƙan wanda bai ga wannan rana ba. Kai kuma ɗana, ranar da ka ga tana kuka ba dalili, kada ka tashi neman abin da zai sa ta dariya. Ka zauna kusa da ita kawai."

Ya ce in Allah ya yarda.

Mota ba ta yi nisa ba suka hau wani gangare, direba ya taka birki a hankali. Auta ta runtse ido, kafaɗunta suka fara rawa. Maganganu suka cika masa baki, masu daɗi, masu ban dariya. Ya haɗiye su duka, ya matso, ya riƙe hannunta. Can ƙasan gangaren ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.