Numfashin da Aka Goge

Auta ta cire abin sauraro daga kunnenta, ta mayar, ta sake cirewa.

"Me ka yi wa faifan nan?"

Mai situdiyo, abokin Yayanta da duk gidan ke so ta aura, ya gyara zama a kujerar Baba. Ya ce gyara shi ya yi, kyauta. Ya goge ƙarar yatsu a kan tsirkiyar jita, ya cire numfashin da mawaƙin ke ja kafin kowane baiti. Yanzu fes yake.

Fes kam, kamar ɗakin da aka kwashe kayan mamaci.

Mai haɗa magani a asibitin unguwa ne ya ba ta faifan. Jita ɗaya, murya ɗaya, mutum yana yi wa kansa tambayoyi a hankali. Auta, wadda ba ta iya jiran shayi ya huce, a kan waƙoƙin nan ta koyi zama.

Mai haɗa maganin nan take so. Laifinsa ɗaya, in'ina. Gwaggo ta ce kafin ya gama sallama baƙi sun watse. Baba kuwa ya ba Auta zuwa la'asar ta faɗi wanda zai turo magabatansa.

Ta shiga kicin, ta fito. Ta ɗaga labule, ta saki.

"Har saƙon muryar da mai maganin ya turo na gyara miki," in ji mai situdiyo, ya danna wayarta.

"Masoyiya, ina son ki."

Sumul, kamar sanarwar banki. Yaya ya yi dariya har da tari.

A saƙon na asali, bawan Allah ya daɗe yana kokawa da kalmar farko. Wurin nan take maimaitawa kullum. Nan ne take jin abin da kalmar ta ci masa.

Ta ɗauki mayafi ta fita. Ba ta dawo ita kaɗai ba.

Mai haɗa maganin ya durƙusa gaban Baba da farar rigar aiki, gumi na bin wuyansa.

"Ba... Ba..."

Yaya ya buɗe baki zai ƙarasa masa.

"Bar shi, Yaya. Ni ce zan yi ta jira, ba kai ba."

Baba ya dubi 'yarsa, wadda tun tana rarrafe bai taɓa ganin ta zauna wuri ɗaya ba. Ga ta zaune, hannu a cinya.

Ya ajiye carbinsa, shi ma ya jira.